Cinikin wa ne? Yadda sauya wa ma'aikaci tawaga ke jirkita rahoton kamfani

A ɗauka wani kamfanin rarraba kayan masarufi ne a Kano, yana da tawagogi biyu na masu neman ciniki. Ɗaya tana kula da 'yan kasuwar Singa, ɗayar kuma tana zagaya shagunan Sabon Gari.

Daga Janairu zuwa Yuni, tawagar Singa ta yi cinikin naira miliyan 200, ta Sabon Gari kuma ta yi na miliyan 150. Tun farkon shekara kamfanin ya yi alƙawarin tukuici ga duk tawagar da ta haura miliyan 180 a cikin wata shida. Ke nan 'yan Singa sun ci.

Ranar 1 ga Yuli sai aka ɗauke wani haziƙin ma'aikaci daga tawagar Singa aka mayar da shi ta Sabon Gari, domin ya ƙarfafa ta. Shi kaɗai ya yi cinikin miliyan 60 a waɗancan watanni shida. Jami'ar da ke kula da bayanan ma'aikata ta buɗe jadawalinta, ta goge "Singa" a gaban sunansa, ta rubuta "Sabon Gari". Ba ta yi laifin komai ba, aikinta ke nan.

A ƙarshen Yuli, da shugabannin kamfanin suka zauna rabon tukuici, sai allon rahoto ya nuna musu cewa daga Janairu zuwa Yuni tawagar Singa ta yi cinikin miliyan 140, ta Sabon Gari ta yi miliyan 210. Tukuici ya tafi inda ba a yi wahalarsa ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Babu wanda ya saci ko kwabo, babu kuma wanda ya taɓa rasiɗi ko guda. Jimillar cinikin kamfani tana nan daram a miliyan 350, shi ya sa ma babu wanda ya yi saurin lura. Kalma ɗaya aka sauya a jadawalin ma'aikata, ita ce ta sake rubuta tarihin wata shida.

Wannan misali ne kawai, amma matsalar da yake nunawa tsohuwa ce, kuma sananniya ce ga masu aikin nazarin bayanan kasuwanci a ko'ina a duniya.

Daga ina matsalar take tasowa?

Kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyin agaji da dama sun rage dogaro da rahoton takarda. Yanzu manhajoji irin su Power BI na kamfanin Microsoft, wanda aka saki ga jama'a a 2015, da Tableau, da kuma tsohon abokin akawu, Excel, su ne ke tattara alƙaluma su zana su a allo, manaja ya duba a wayarsa ko a kwamfuta.

Akasarin irin waɗannan rahotanni suna tsaye ne a kan jadawali iri biyu.

Na farko shi ne jadawalin abubuwan da suka faru: wane ne ya sayar, me ya sayar, a wace rana, a kan nawa. Wannan kullum ƙaruwa yake yi, kuma abin da aka rubuta a cikinsa ba ya sauyawa. Buhun sukarin da aka sayar ranar 5 ga Maris an riga an sayar da shi.

Na biyu shi ne jadawalin bayanin mutane: sunan ma'aikaci, lambarsa, muƙaminsa, reshensa, tawagarsa da shugabansa. Wannan ba ya yawan motsi, amma lokaci zuwa lokaci ana taɓa shi: an yi wa wani canjin wurin aiki, an ƙara wa wata girma, an naɗa sabon manaja.

Idan aka tambayi manhaja cinikin tawagar Singa a watan Maris, sai ta ɗauko cinikin Maris daga jadawali na farko, ta leƙa na biyu ta ga su wa ne 'yan tawagar Singa, ta haɗa. Idan jadawali na biyu bai san komai ba sai halin da ake ciki a yau, to da mutanen yau za ta auna aikin jiya.

Masu aiki da Excel sun fi kowa faɗawa wannan rami. Dabarar VLOOKUP da ake jawo sunan tawaga da ita ta hanyar lambar ma'aikaci, abin da ta tarar a jadawali a ranar shi take kawowa. Ba ruwanta da ranar da aka yi cinikin.

Darasi daga filin ƙwallo da taswirar Najeriya

Masu kallon ƙwallo sun daɗe da warware wannan lissafi ba tare da sun ba shi suna ba.

Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya a wannan kakar. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ya koma CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester City ta Ingila a 2016. Babu mai hankalin da zai kwashe waɗancan ƙwallaye 18 ya zuba su a lissafin Leicester don kawai ɗan wasan ya sanya rigarta daga baya. Ƙwallo ta ƙungiyar da aka ci wa ce a ranar da aka ci ta.

Haka abin yake a taswira. A watan Agustan 1991 aka cire Jigawa daga Jihar Kano. Duk wanda zai kwatanta yawan makarantu ko asibitocin Kano na 1990 da na 1992, dole ya fara tambayar wace Kano ake nufi, mai haɗe da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse, ko wadda babu su. In bai yi ba, zai fito da labarin cewa makarantu sun ɓace a cikin shekara biyu. Irin wannan tambaya tana jiran mai nazarin Kaduna kafin a cire Katsina a 1987, da mai nazarin Sakkwato, wadda aka cire wa Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996.

Tawagar ofis ma haka take. Sunanta yana nan, amma mutanen cikinta suna shiga suna fita.

Hanyoyi uku na adana sauyi

Wani masani ɗan Amurka, Ralph Kimball, wanda littafinsa The Data Warehouse Toolkit ya fito a 1996, shi ne ya shahara da tsara wannan batu. Ya kira irin waɗannan bayanai da suna mai ma'anar "bayanai masu sauyawa sannu a hankali", ya kuma kasa hanyoyin mu'amala da su gida uku. Bugun littafin na 2013, wanda ya rubuta tare da Margy Ross, ya ƙara wasu nau'o'in, amma ukun farko su ne ginshiƙi har yau.

Nau'i na 1 shi ne a goge tsohon bayani a rubuta sabo a kansa. Abin da jami'ar kamfanin misalin nan ta yi ke nan. Hanya ce mai sauƙi, kuma ta dace da gyaran kuskure, kamar sunan da aka rubuta ba daidai ba ko lambar wayar da aka sauya. Illarta ita ce tarihi yana bin ruwa.

Nau'i na 2 shi ne a bar tsohon layi yadda yake, a buɗe wa ma'aikacin sabon layi. Kowane layi yana ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Haziƙin ma'aikacin nan zai zama yana da layi biyu: ɗaya na cewa yana tawagar Singa daga ranar da aka ɗauke shi aiki zuwa 30 ga Yuni, ɗayan na cewa yana tawagar Sabon Gari daga 1 ga Yuli. Da yake ba a san ranar da zai bar Sabon Gari ba, masu wannan aiki sukan cike gurbin da wata rana mai nisan gaske, kamar 31 ga Disamba na shekarar 9999.

Kowane layi ana ba shi lamba tasa ta daban, ban da lambar ma'aikacin ta asali. Duk cinikin da ya shigo sai a ɗaure shi da lambar layin da ke aiki a ranar. Cinikin Maris yana manne da layin Singa har abada, ko da mutumin zai sauya tawaga sau goma.

Nau'i na 3 kuma shi ne a ƙara gurbi ɗaya a gaban suna: "tawagar yanzu" da "tawagar da ta gabata". Yana da amfani idan kamfani ya yi garambawul sau ɗaya, ana son ganin lissafi ta tsohon tsari da sabo. Amma taki ɗaya kawai yake iya waiwayawa. Da an sake sauya wa mutum wuri, bayanin farko ya tafi.

Idan maganar kuɗin mutane ce, kamasho ko tukuici ko ƙarin girma, nau'i na 2 ne ke riƙe gaskiyar abin da ya faru.

Tambayoyi biyu ne, kuma kowacce tana da muhallinta

Sai dai ba a ce rahoton da ya nuna miliyan 210 ba shi da amfani kwata-kwata ba.

Shugaban tawagar Sabon Gari yana da haƙƙin ya tambaya: mutanen da ke hannuna a yau, nawa suka iya sayarwa a wata shidan da suka wuce? Amsar ita ce miliyan 210, kuma da ita ya kamata a yanka masa adadin da zai kawo daga Yuli zuwa Disamba. In aka yanka masa bisa miliyan 150, an sauƙaƙa masa fiye da kima. In kuma aka bar wa shugaban tawagar Singa nauyin miliyan 200 bayan an ɗauke masa gwarzonsa, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ke nan akwai kallon "yadda abin yake a lokacin", akwai kuma kallon "yadda abin yake a yanzu". Na farko na sakayya ne da hisabi, na biyu na tsara gaba ne. Rikici yana tasowa ne idan aka amsa tambaya ɗaya da lissafin ɗayar, ko kuma aka bar allon rahoto bai faɗi wanne yake nunawa ba.

Wanda ya adana tarihi ta nau'i na 2 zai iya fitar da duka biyun, domin layin ƙarshe na kowane ma'aikaci yana nuna inda yake a yau. Wanda ya goge ya rubuta sabo, kallo ɗaya kawai ya rage masa.

Inda ake yawan tuntuɓe

Ko bayan an amince a riƙa rubuta ranaku, akwai wuraren da aikin ke lalacewa.

Na farko, ranakun da suka hau kan juna. Idan tsohon layi ya ƙare 1 ga Yuli, sabon ma ya fara 1 ga Yuli, to cinikin wannan rana zai iya fitowa sau biyu, a nan da can, jimillar kamfani ta kumbura. Idan kuma tsohon ya ƙare 28 ga Yuni sabon ya fara 1 ga Yuli, cinikin kwana biyu ya zama maraya, ba ya cikin lissafin kowa.

Na biyu, takardar da ta makara. Sau da yawa ma'aikaci yakan koma sabon wuri da umarnin baki, takarda ta biyo baya bayan mako biyu ko uku, a shigar da ita kwamfuta bayan wani makon. Ranar da ya fara aiki a sabuwar tawaga daban, ranar da aka sa hannu a takarda daban, ranar da aka shigar daban. Wadda ta kamata rahoto ya bi ita ce ta farko, amma wadda manhaja ke kamawa da kanta ita ce ta ƙarshe. Idan labarin ya iso a makare, dole a koma baya a sake ɗaure cinikin waɗancan makonni.

Na uku, wace rana ce ranar ciniki? A kasuwancin da ake ba da kaya bashi, ma'aikaci zai iya ƙulla ciniki a Yuni, a kai kaya a Yuli, kuɗi ya shigo a Agusta. Idan ya sauya tawaga a tsakani, kowace tawaga tana da hujjar cewa nata ne. Wannan ba tambayar da mai haɗa rahoto zai amsa shi kaɗai ba ce. Shugabanni ne za su yanke, su rubuta, kowa ya sani tun kafin a kai ga rabon kuɗi.

Na huɗu ya shafi manhajar kanta. A Power BI, alaƙar da ake ƙullawa tsakanin jadawali biyu tana bin daidaiton gurbi ɗaya da gurbi ɗaya ne, ba ta fahimtar "daga rana kaza zuwa rana kaza" kai tsaye. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a warware wa kowane ciniki layinsa tun a wajen shigar da bayanai, kafin su iso allon rahoto.

Mutum ɗaya, tawaga biyu

Akwai ma'aikatan da ba sa zama a gida ɗaya. Injiniya ɗaya zai iya yi wa ayyuka biyu hidima, ko jami'ar lafiya ta raba makonta tsakanin shirye-shirye biyu na ƙungiyar agaji.

Idan aka rubuta sunan mutum a tawaga biyu ba tare da an raba ba, aikinsa da albashinsa za su fito cikakku a kowacce, a tara a samu ninki. Maganin da aka saba shi ne wani ɗan jadawali na tsakiya mai nuna kaso: kashi 60 cikin 100 na wannan tawaga, kashi 40 na waccan, tare da ranakun farawa da ƙarewa. Sharaɗin shi ne kason kowane mutum ya cika 100 daidai a kowace rana.

Tawagar ma kanta tana sauyawa. Ana sake mata suna, ana raba ta biyu, ana haɗe ta da wata. Bankunan Najeriya sun ga irin wannan a babban sikeli a 2005, lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. An sake ganin haka a 2019 da Access Bank ya haɗe da Diamond Bank. A duk haɗewa irin wannan, rassa da sassa da ma'aikata suna komawa ƙarƙashin sabon tsari, kuma mai son kwatanta bana da bara sai ya san wane ne yake ina a wace rana.

Sai kuma lissafin ƙoƙarin kowane mutum. A ce tawagar Singa mutum 8 ce kafin Yuli, ta koma 7. Miliyan 200 a raba wa mutum 8, kowa ya kawo miliyan 25 ke nan. In aka raba da adadin yau, wato 7, sai ya haura miliyan 28. A nan ma adadin mutanen lokacin ake buƙata.

Abin da ƙaramin kamfani zai iya yi

Wannan aiki ba sai mai rumbun bayanai na miliyoyin naira ba. Mai shagon magani da rassa uku, ko mai kula da wakilan POS, ko shugabar makaranta mai sauya wa malamai azuzuwa, duk za su iya farawa da shafi ɗaya na Excel mai gurbi huɗu: lambar ma'aikaci, tawaga, ranar shiga, ranar fita. Doka ɗaya ce: ba a goge layi, sai dai a rufe shi a buɗe sabo.

Lamba ta fi suna aminci. A ofis ɗaya za a iya samun masu suna iri ɗaya su uku, wata kuma ta sauya sunan da take amfani da shi bayan aure.

Wanda hakan ya yi wa nauyi, akwai hanya mafi sauƙi: a ƙarshen kowane wata a adana kwafin jerin ma'aikata da tawagoginsu, a rubuta watan a kai. Ba za ta kama wanda ya sauya a tsakiyar wata daidai ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Yana da kyau kuma a riƙa gwaji mai sauƙi: a buga rahoton watan da ya wuce a ajiye, bayan wata uku a sake fitar da na wannan watan a kwatanta. Idan jimillar kamfani tana nan amma ta tawagogi ta motsa, to akwai inda ake goge tarihi.

Tun ran gini ran zane. Tarihin da ba a rubuta ba a lokacinsa, tono shi daga baya sai an bi takardun canjin wurin aiki da na albashi ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin ma sai an dogara da abin da mutane suka tuna.

A gefe guda, tarihin inda ma'aikaci ya zauna da abin da ya kawo bayanai ne da suka shafi mutum. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai nauyin tsare su da kuma amfani da su a kan dalilin da aka tara su. Don haka ba kowa ya kamata ya riƙa buɗe jadawalin ba, kuma ya kamata a san wanda ke da ikon gyara rana a cikinsa, domin matsar da rana ɗaya zai iya matsar da kuɗi daga aljihu zuwa aljihu.

Shi ma ma'aikacin da ake auna ƙoƙarinsa da allon rahoto yana da abin yi. Ya riƙe kwafin takardar canjin wurin aikinsa, ya tabbatar ranar da ke jiki ita ce ranar da ya koma. Shugaban tawaga kuma, duk ranar da aka nuna masa alƙaluman watannin baya, ya tambaya: da mutanen wancan lokacin aka yi wannan lissafi, ko da na yau?

Da shugaban tawagar Singa ya yi wannan tambaya a zaman ƙarshen Yuli, da an gano inda miliyan 60 ɗinsa ta shiga kafin a raba tukuicin.